Uban Zaure da Tsarin Reshe

Duk wanda ya taɓa kiwon kaza, ko da ta aro ce, ya kamata ya gyara zama in an ambaci Uban Zaure. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma bai yi wa kansa rowa ba. Shi ne shugaban ƙungiyar masu kiwon kaji, shi ne kuma mai kula da dandalinsu na intanet, inda ake tattauna cutar 'yan tsaki da tsadar dusa. Gaskiya ne kajinsa sun mutu tun bara waccan, har matarsa ta mai da akurkin ma'ajiyar tsofaffin bokitai. To amma babban mutum irinsa ba sai da kaza yake magana a kan kaza ba.

Kowace safiya yakan hakimce a kujerar falo, ya ɗora tabarau a tsinin hanci, ya rubuta abin da yake kira Jawabin Shugaba. Yakan faro daga asalin kaza, ya ratsa ta kan ƙuruciyarsa, ya dire a kan irin wahalar da yake sha saboda jama'a.

A lokacin dandalin layi ɗaya ne. Kowa ya yi rubutu, nasa ya faɗa ƙarƙashin na wanda ya riga shi, kamar layin ganin likita. Da yake jawabinsa ne a sama, duk abin da ya biyo baya a ganinsa nasa ne. Wani ya ce ya gode, wata ta ce an ceci gonarta, wani ya yi addu'ar Allah ya ƙara basira. Sai ya bi matarsa har wurin guga yana karanta mata. Ita kuwa ta ce masa madalla, ta roƙe shi ya matsa daga kan wayar dutsen gugar.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai. Tsakanin yabo da yabo sai ka ga wani ya tsomo zancen zawon 'yan tsaki. Ga zaɓe ya matso, ga shi an fara raɗe-raɗin tsayar da wata mata mai gona a bayan gari, wadda ake ce wa Mai Tsaki, matar da rubutunta bai taɓa wuce layi biyu ba.

Ana haka sai surukinsa, mijin babbar 'yarsa, wanda shi ya haɗa musu dandalin, ya yi suɓutar baki. Ya ce akwai wani tsari da ake kira na reshe, inda kowace amsa ke rataye a ƙarƙashin saƙon da aka ba ta dominsa. Uban Zaure ya cire tabarau. Ya hango jawabansa kamar manyan itatuwa, yabo na reto a jikinsu.

Da ya kai musu maganar, dattawan ƙungiya suka ƙi. Suka ce sun saba karantawa daga sama zuwa ƙasa kamar jarida, wannan reshe-reshen zai ɗaure musu kai. Ya kira su maƙiya ci gaba. Surukin ya rage murya ya ce, “Baba, ko za mu fara dubawa a gida tukuna?” Baba ya ce abin alheri ba a buɗe shi a ɗaka, sai a babban taro.

Ranar taron aka jera kujerun roba, aka kafa majigi yana haska bango. Uban Zaure ya miƙe cikin sabon ɗinki.

“Jama'a,” in ji shi, “an daɗe ana cakuɗa lu'ulu'u da tsakuwa a wannan dandali. Yau kowa zai tsaya a matsayinsa. Ni ban son yabo, kun sani. Amma tarihi yana da haƙƙi a kanmu. Yaro, danna.”

Surukin, mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, ya danna.

Jawaban suka bayyana a bango, dogaye, tsaye ƙyam kamar turakun lantarki. Babu ko ganye a jikinsu. Godiya da addu'o'in nan kaf sun koma sun taru a ƙarƙashin 'yan gajerun amsoshin Mai Tsaki, inda take ce wa mutum ya rage zafin fitila ko ya canza ruwan sha. Ita kanta tana can baya, ta sunkuyar da kai tana neman wani abu a jaka.

Wani ya yi tari. Wani ya fita da sauri, aka jiyo dariyarsa daga baranda.

Uban Zaure ya ce na'urar ta lalace. Surukin ya kalli ƙasa ya ce lafiyarta lau, tun farko ta san wanda kowa ke ba amsa, nunawa ce kawai ba ta yi. Nan take shugaba ya gano cewa tsarin reshe makirci ne na raba kan jama'a, ya ba da umarni a koma layi. Sai dattawan nan da suka ƙi a da suka ce a'a, a bar shi. Sun lura yanzu da taɓawa ɗaya mutum zai naɗe jawabi ya wuce abinsa.

Da ya koma gida ya yanke shawarar hukunta su. Ya rubuta jawabi mafi tsawo a rayuwarsa, ya ce tunda ba a san darajarsa ba ya ajiye muƙami, kuma kada wanda ya zo ba shi haƙuri. Ya sa aka share falo, aka ƙaro kujeru saboda masu zuwa ba da haƙurin.

Ba wanda ya zo. Amma wayarsa ta dinga ƙara har ta yi zafi. Ya buɗe, sai ga jawabin ya yi rassa, rassan ma sun yi rassa. Wannan ya ce shawara ce mai kyau, wancan ya ce Allah ya ba da hutu mai ɗorewa, wata ta tambayi wurin wa za a karɓi makullin ofis.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ko zai samu amsar da ta ɓato hanya. Duk nasa ne.