Yadda Za Ka Yi Jinyar Hawainiya Har Matarka Ta Manta Da Hawan Jininka

Wannan hanya ba ta taɓa ba wanda ya bi ta kunya ba. Mutum ɗaya ne ya bi ta zuwa yanzu, amma wannan ba laifin hanyar ba ne. Idan kai magidanci ne, matarka kuma nas ce da ta yi ritaya ta dawo gida da na'urar awon jini, gyara zama. Muna ba ka tabbacin cewa cikin kwana uku gishiri zai dawo miyarka, sukari ya dawo shayinka, damtsenka kuma ya huta.

Wanda ya gwada hanyar tsohon shugaban makarantar firamare ne, kowa Hedimasta yake ce masa. Matarsa, Sista, shekara talatin da huɗu ta yi a ɗakin marasa lafiya na maza, mai gado ashirin da takwas. Ranar da ta ajiye aiki gadajen suka koma ɗaya, kuma shi ne a kai. Ana auna jininsa sau uku a rana, ana rubutawa. Robar gishiri ta koma cikin durowa mai makulli. Wata uku ya yi a haka. Ga yadda ya samu sararawa.

Mataki na ɗaya: Samo wanda ya fi ka rashin lafiya

Kada ka fita nema, za a gane. Jira abin ya zo da ƙafarsa.

Na Hedimasta ya zo ne da ɗan hayan ɗakin baya ya tashi, ya bar tsohuwar katifa, da kalandar bara, da keji a bayan ƙofa. Cikin kejin akwai hawainiya. Ta yi baƙi kamar gindin tukunya, idanunta sun faɗa, haƙarƙarinta a ƙirge, wutsiyar da ya kamata ta naɗe ta saki kamar igiyar takalmi. Hedimasta ya ɗauki kejin da niyyar kaiwa bayan katanga.

"Malam, ajiye," in ji Sista daga bayansa. "Matsa, kana tare mata iska."

Na'urar awon jini ce a hannunta. Ta ɗora ta a bakin taga, ta durƙusa gaban kejin. Ƙarfe biyu ta yi, ta wuce, ba wanda ya nemi damtsen kowa. Mai hankali yana lura da irin wannan. Hedimasta ya lura.

Mataki na biyu: Kama bakinka

Za ta buɗe asibiti. Bar ta.

Sista ta share teburin ɗakin baƙi, ta shimfiɗa tawul a kwalin takalmi, ta yi matashi da auduga. Ta cika murfin kwalba da ruwa ta ajiye a gefen gado, inda mara lafiya zai iya kaiwa. Ta rufe tagogi saboda iska, ta ja labule saboda rana. Ta rataya kati a jikin kwalin, ta rubuta suna: Gado Na Ɗaya.

Hawainiyar ta miƙa hannu a hankali ta kama biron Sista, ta fara hawa. Sista ta ɓamɓare ta, ta mayar kan tawul.

"Wa ya ba ki izinin tashi?"

Hedimasta ya shekara ashirin yana koya wa 'yan aji huɗu cewa hawainiya a kan reshe take rayuwa. Ya buɗe baki, ya hango makullin durowa an manta shi a jikin durowar, ya rufe bakin. Ilimi abu ne mai kyau, amma yana da lokacinsa.

Mataki na uku: Karɓi duk muƙamin da aka ba ka

An gwada madara, an gwada ayaba, an gwada dafaffen ƙwai. Gado Na Ɗaya ta kalli kowanne da ido ɗaya, ɗaya idon yana kan ƙofa.

"Na san irinsu," in ji Sista. "Masu guduwa daga asibiti ne kafin likita ya zagayo."

A nan an yarda ka yi magana, amma kalma ɗaya. Hedimasta ya ce, "Ƙwari." Nan take aka naɗa shi shugaban sashen abinci. Aka miƙa masa matacin shayi da kwalbar da babu komai.

Ka sani fara ba ta girmama shekaru. Za ka yi sanɗa, ka yi tsalle, ka durƙusa a inda ka shekara goma ba ka durƙusa ba. Maƙwabci zai leƙo ta katanga ya ce, "Lafiya, Hedimasta?" Ka amsa da murya irin ta taron iyayen yara: "Aikin asibiti ne." Ranar farko Hedimasta ya kama fara huɗu da ƙuda tara cikin awa biyu. Sista ta kashe su duka, ta wanke da tafasasshen ruwa, ta jera a faranti, domin a sashenta ba a taɓa ba mara lafiya abinci yana motsi ba. Hawainiyar ba ta ko kalli farantin ba.

Kada wannan ya dame ka. A ranar Hedimasta ya ci abinci da gishiri, ya ƙara, ya lashe cokali.

Mataki na huɗu: Taimaka wajen awo

Ma'aunin zafi ba shi da wurin shiga, domin hawainiya ba ta da hammatar kirki. Maɗaurin awon jini ya zagaye ta sau huɗu ya yi saura. Abin da ya rage shi ne launi, sai Sista ta ja layi a kati ta buɗe masa gurbi. Litinin, baƙi. Talata, baƙi mai ɗigo. Laraba, toka-toka da safe, baƙi bayan an goge mata jiki da auduga.

Aikinka shi ne riƙe tocila da cewa "haka ne". Idan an tambaye ka ko ka ga alamar kore, ka ce kamar akwai a wajen wuya. Fata nagari kyauta ne.

Mataki na biyar: Shirya wa 'yan dubiya

Labari zai fita cewa akwai mara lafiya a gidanku. Yayar Hedimasta ta iso ranar Alhamis da ledar lemo, tana haki.

"Ina yake? Na ce jinin nan zai kayar da shi!"

"Ga ni, Yaya."

"To wa ke kwance?"

Aka kai ta ɗakin baƙi, aka sa ta wanke hannu. Ta leƙa kwalin, ta ja da baya har ta taka ƙafar ƙaninta.

"Auta, wannan na yi wa lemo? Motoci biyu na hau!"

"Yaya, a rage murya," in ji Sista. "Lokacin ziyara minti goma ne."

Yaya ta ja ƙaninta baranda, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. Shekarunsa sittin da shida, amma ita ta goye shi.

"Kumatunka sun dawo. Gishiri kake sata."

"Yaya, don Allah."

"Ni ba ruwana. Amma ka yi ta addu'a wa ƙadangaren nan. Ranar da ya mutu, kai za a mayar cikin kwalin."

Ta tafi da lemonta.

Mataki na shida: Ranar da abin ya daina ba da dariya

Wannan matakin gajere ne. Ranar ta shida hawainiyar ta rufe idanu biyun da rana tsaka. Ruwan murfin kwalba yana nan yadda aka zuba shi. Sista ta gwada sirinji, bakin ya ƙi buɗuwa. Ta zauna a kujera, kati a cinya, ba ta rubuta komai ba.

"Shekara talatin da huɗu," ta ce, "ban taɓa barin mutum ya tafi da ƙishirwa ba. Ga ruwa a gabanta."

Durowa a buɗe take ranar. Hedimasta bai je ba.

Mataki na bakwai: Yi guga

Da safe Sista ta fita neman wani sirinji mai ƙaramin baki, ta bar masa tsaro, da umarnin kada ya ɗauke ido daga kan gado. To amma ranar gugarsa ce. Tun yana ƙaramin malami ba wanda yake taɓa masa wando, domin karin guga a wurinsa kamar layin jan biro ne, ko ya miƙe ko a sake. Teburin guga kuwa a baranda yake. Sai ya ɗauki asibitin gaba ɗaya ya fita da shi, ya ajiye a ƙarshen teburin, ƙarƙashin reshen gwaiba da ya leƙo ta saman baranda. Rana ta faɗo kan kwalin. Doka biyu ke nan ya karya kafin ƙarfe bakwai da rabi.

Ya tsoma yatsu a kwanon ruwa ya yayyafa wa wando, yadda ya saba, da faɗi. Rabin ruwan ya sauka a kan ganyen gwaiba. Ɗigo ɗaya ya gangaro ya tsaya a bakin ganye, yana ƙyalli.

Ido ɗaya ya buɗe.

Hannu ya fito daga kwali ya kama reshe. Ta yi gaba, ta yi baya, ta yi gaba, kamar mai shawarar tsallaka titi. Minti huɗu ta ɗauka kafin ta kai. Ta buɗe baki ta karɓi ɗigon, ta ɗaga kai ta haɗiye, ta juyo da ido ɗaya ta kalli Hedimasta.

Ashe ruwan da ke zaune a murfi ba ruwa ba ne a wurinta. Sai wanda ya sauka a ganye yana motsi. Wannan ba ya cikin littafin aji huɗu.

Ya yayyafa. Ta sha. Ya yayyafa. Ta sha. Sai da ya ji ƙauri ya tuna inda ya bar dutsen guga. Wandon yana nan har yau, da hoton dutsen a cinyar hagu.

Mataki na takwas: Yi lissafi da sanyin zuciya

Nan ne ake gane ƙwararre. Idan ta mutu, an dawo kanka. Idan ta warke, an sallame ta, an dawo kanka. Abin da kake bukata shi ne mara lafiya mai ɗorewa. Saboda haka ɗigo uku a rana, ba ƙari. Rana ta minti biyar. Kada ka faɗa wa kowa.

Hedimasta ya yi wannan lissafin daidai, har ya rubuta a bayan ambulan. Washegari ya fito da niyyar ɗigo uku. Ya ba da ukun. Ta kalle shi. Ya ƙarar da kwanon.

Daga nan abin ya lalace. Kullum da safe, Sista na shiga wanka, sai guga ta tashi. Ya goge wandunansa, ya goge labule, ya goge tawul, ya goge safa. Ya daina miƙa farar da ya kamo gaba ɗaya, yana ɓoye biyu masu rai a kwalin ashana. Ranar ta goma ya ɗora ɗaya a reshe. Idanu biyun suka haɗu wuri ɗaya karo na farko, harshe ya fita ya dawo, fara ta ɓace. Bai ga tafiyarsa ba, sakamakon kawai ya gani.

"Goma bisa goma!" ya daka tsawa. "A tafa mata!"

"Malam, da wa kake magana?" in ji Sista daga banɗaki.

"Da wando!"

Gurbin launi ya fara canzawa. Toka mai haske. Kore a wuya, na gaskiya wannan karon. Ranar ta goma sha biyar ta yi kore shar, ta hura jiki, ta yi wa ma'aunin zafi huci.

Mataki na tara: Halarci sallama da mutunci

Ranar ta goma sha tara Sista ta fito da kwalin da kanta, ta ɗora Gado Na Ɗaya a reshen gwaiba, ta sanar cewa daga yau daga gida za a riƙa duba ta. Sannan ta miƙa wa mijinta katin ya sa hannu a matsayin shaida.

Ya gyara tabarau. Daga rana ta takwas akwai sabon gurbi, da rubutunta ƙanana: "Ruwan guga, ta hannun Malam, 7:20." Kowace rana da lokacinta. A ƙasa: "Fara mai rai, biyu, daga kwalin ashana."

"Tagar banɗaki tana kallon baranda," in ji Sista. "Juya bayan."

A bayan katin sunansa ne. Ta ja wa robar gishiri layi da biro tun ranar farko, tana auna abin da ya ragu kowace yamma.

"Kin sani, kika yi shiru?"

"Magani yana aiki, sai in tsayar? Zauna. Miƙo hannu."

Ta naɗa, ta matsa, ta saurara. Ta saki iska, ta sake. Ta ƙwanƙwasa agogon na'urar da farce, ta sake karo na uku. Rabon da ta ga lamba mai kyau haka a damtsen nan tun kafin ta yi ritaya.

Hedimasta ya gyara zama. "To ashe gishirin ne ya—"

"Tsallen ne. Awa biyu kullum a bayan fara." Ta ɗauko matacin shayi ta ɗora masa a cinya. "Za a ci gaba, safe da yamma. Ita tana bukatar abinci, kai kana bukatar gudu."

"Makullin durowa fa?"

Ta karɓe katin daga hannunsa, ta soke shafin hawainiya, ta mayar da lambar gado kan sunansa. Makullin ta jefa a aljihu.

Daga kan reshe, ido ɗaya yana kallonsa, ɗaya yana kallon kwanon ruwa. Ya tashi ya jona dutsen guga.

Gargaɗi

Alkawarin gishiri da muka yi a sama na kwana goma sha tara ne, ba mu faɗa ba saboda ba ka tambaya ba. Ba mu da hannu a ƙonewar wando, ciwon gwiwa, surutun maƙwabta, ko lemon da aka kawo aka koma da shi. Wanda hawainiyarsa ba ta da lafiya da gaske ya kai ta wurin likitan dabbobi, wanda jininsa ya hau ya miƙa hannu salin alin. Wanda kuma ya bi matakan nan ya wayi gari yana ƙaunar dabbar da ko sau ɗaya ba ta taɓa kallonsa da ido biyu ba, ya kuka da kansa. Hedimasta ba ya karɓar ƙorafi. Yana bayan gida da matacin shayi.