Mai Addu'a Ta Rasu Sanadiyyar Sabuwar Tukunya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki wanda ya gaji, ni Gado Abdulmutallib na unguwar Zariya, Maraɗi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Mai Addu'a, shukar da ta zauna shekara takwas kan ƙaramin teburi a ɗakin zamanmu. Ta rasu ranar Litinin, 28 ga Afrilu, bayan la'asar, kwana ashirin da uku da sauya mata tukunya. Ni na sauya mata. Mai ita, wato mai ɗakina Safiyatu, ba ta gari. Tana Yamai wajen sitaj, wato kwas ɗin horo na ungozomomi, tun watan Fabrairu, kuma amana ta bar mini shukar.

Shekara ashirin da biyu na yi ina gyara sanarwar rasuwar mutane kafin a buga a jarida. Na san tsarin, kuma shi zan bi.

Marigayiya ba 'yar ƙasar nan ba ce. Masana suna kiranta maranta, sun ce asalinta dazuzzuka ne masu ruwa, inda rana ba ta sauka ƙasa. Damaris, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tsibiri kuma ƙawar Safiyatu tun ƙuruciya, ita ta ɗauko uwar shukar daga Kwatano. A makon da Inna, mahaifiyar Safiyatu, ta rasu, Damaris ta zo gaisuwa da reshe mai ganye uku naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Babu tukunyar fure a gidan makoki. Safiyatu ta ɗauki bido ɗaya, cikin jarkokin robar da Inna ke zuba man gyaɗa na sayarwa, rawaya, mai zane uku na jan fenti inda tsohuwar ta yi alamarta. Ta yanke shi biyu, ta gasa ƙusa, ta huda gindin wuri tara. A cikinsa shukar ta yi rayuwarta.

Duk wanda ya shiga gidanmu zai shaide ta da natsuwa. Ba ta son rana, ba ta son hayaniya, ba ta taɓa neman fita tsakar gida ba. Da rana takan shimfiɗa ganyenta, kore mai jan jijiya. Da magariba sai ta ɗaga su sama, ta haɗa, kamar mai roƙo. Daga nan sunan ya fito. Damaris takan ce tarbiyya ce, tunda a gidan Kirista aka haife ta. Safiyatu takan ce to me ya sa sai ladan ya kira take ɗagawa. Shekara takwas suna wannan gardama suna dariya, ba a raba ta ba.

Marigayiya ba ta da magana sai ɗaya. In an kashe fanka, ɗaki ya yi tsit, akan ji ganye ya gogi ganye, shaf, kamar wani na buɗe shafin jarida a ɗaki na gaba. Bayan sallar magariba Safiyatu takan jawo kujera kusa da ita ta zauna minti goma ba ta cewa komai. Ban taɓa tambayarta abin da take tunani a lokacin ba.

Ranar da za ta tafi ta manna takarda a bango, layi huɗu. Kada rana ta taɓa ta. Kofi ɗaya na ruwan da ya kwana, shi ma sai saman ƙasar ya bushe. A fesa wa ganye ruwa da safe. Layi na huɗu ya ce: “Baban Nafisa, kada ka yi mata dabara.” Na kiyaye uku na farko har mako bakwai.

Jinyar ta samo asali ne daga kyakkyawar niyya. A ƙarshen Maris na ga saiwa ta leƙo ta hudojin bidon. Dama na daɗe ina jin kunyarsa. Baƙi sukan yaba ganyen, idonsu ya sauka kan tsohuwar robar mai, su sauya magana. Na ce bari Safiyatu ta dawo ta tarar da ita a wurin da ya dace da darajarta.

Ranar Asabar, 5 ga Afrilu, na je kasuwa wajen Atika mai tukwane. Na zaɓi tukunya yadda kowane ɗan Maraɗi ke zaɓa. Na ƙwanƙwasa da yatsa na saurari ƙararta. Na sa aka zuba ruwa, na tsuguna ina duban gindin, ko za ta yi yoyo. Guda biyu na mayar saboda na ga alamar danshi. Ta ukun ba ta nuna komai ba. Atika ta ce, “Wagga, Alhaji, ko wata guda ka bar ruwa ciki, ɗigo ba shi hita. In ya hita ka maido mini abata.” Ita na ɗauka, kuma ita ce mafi girma.

Likitan da ya tsaya kan aikin shi ne Ɗanliti, taubashina, manomin zogale a Jiratawa. Ya iso bisa kabu-kabu da rabin buhun baƙar laka ta fadama da ƙullin kashin awaki. Ya tsaya ya karanta takardar bango, ya yi dariya har ya zauna. “Kai ɗan biro, kofi guda? Shekara takwas kuna horon baiwar Allah da ƙishirwa. Ba ta ruwa ta ƙoshi. Zogalena wata ukku yake yi ya hi ka tsawo, kuma ni ban taɓa rubuta mishi takarda ba.” Muka zare ta, muka kakkaɓe tsohuwar ƙasar, muka danna ta cikin lakar, muka zuba rabin bokiti. Bidon kuwa na jefa shi cikin shara. Mai amalanke ya kwashe a ranar.

A kwana na uku ladan ya kira magariba, ba ta ɗaga ganye ba. Na ɗauka gajiyar ƙaura ce. A kwana na shida bakin ganyen ya fara yin rawaya, suna naɗewa. A Maraɗi, cikin watan Afrilu, duk abin da ya yi yaushi ƙishirwa ake cewa, don haka na ƙara ruwa. Na buga wa Ɗanliti, ya ce in ƙara kuma. A kwana na goma sha ɗaya ɗakin ya fara wari irin na kwata. Na zargi kashin awakin, na kunna turare.

A tsawon wannan lokaci Safiyatu ta tambaye ni ta tarho sau uku: “Ya Mai Addu'a?” Sau uku na ce, “Tana nan.” Amsar gaskiya ce ta fuskar wuri kawai.

Sai a kwana na ashirin na kira Damaris. Ta zo daga Tsibiri bayan an tashi lakwal, da alli a hannunta. Ta tura yatsa cikin ƙasar, ta sansana. Ta karkata tukunyar ta leƙa gindin. Ta ce, “Malam Gado, ina hudar?” Na ce wace huda. Ta ja shukar a hankali, ta fito ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar taliyar da ta wuce wuta. A ƙasan tukunyar baƙin ruwa ne kwance, ya kai tsawon yatsa. Ta ce, “Randa ka saya. Cikin randa ka dasa ta. Kai da likitanka na Jiratawa kun nutsar da ita tsakiyar bazara.” Daga nan ta tambaya ko Safiyatu ta sani. Na ce ina shirin faɗa mata. Ta ce, “Mi kake jira, ta sake tohowa?”

Damaris ta yanke ruɓaɓɓen, ta mayar da sauran cikin gwangwani mai huda da rairayi. Ta ce ba ta sa rai. Kwana uku bayan haka ganye na ƙarshe ya faɗi kan teburi. Ban ji faɗuwarsa ba.

Don cikar rahoto, ya kamata a san cewa na yi kwana biyu ina zaga masu sayar da furanni a Maraɗi, ina nuna musu hoto. Niyyata in sami irinta in ajiye, in yi shiru. Babu mai ita. Uwar shukar da ke Tsibiri ta riga ta mutu shekara biyu da suka wuce. Da wannan rasuwa zuriyar ta ƙare a yankin nan, iyakar sanina.

Marigayiya ta bar kofin roba shuɗi ɗaya, kwalbar feshi ɗaya, takardar bango mai layi huɗu, da zagayen tabo a kan teburi daidai girman gindin bidon. Ta bar itacen bedi, wato dogon yaro, a tsakar gida, wanda ba a taɓa ba shi kofi ko ɗaya ba kuma lafiyarsa lau. Ta bar sabuwar tukunya, wadda har yau ba ta yi yoyo ba. Ta bar Damaris, wadda ta daina amsa gaisuwata da cikakkiyar murya. Ɗanliti ya zo ta'aziyya ranar Talata, ya dubi tukunyar ya ce, “Dama raguwa ce. In sa maka zogale ciki?”

Ba a ɗora wa Atika laifi ba, tukunyarta ta cika alkawari. Ba a ɗora wa Ɗanliti ba, da dabararsa yake ciyar da gida. Alhakin yana kan mai sa hannu a wannan sanarwa, wanda aka rubuta wa gargaɗi da sunansa, kuma ya iya karatu.

Za a binne marigayiya a gindin bedi, tsakar gidanmu, ranar Asabar, 3 ga Mayu, da ƙarfe takwas na safe. An jinkirta ne don jiran Safiyatu, wadda motarta za ta iso ranar Juma'a da yamma. Gawar tana naɗe cikin tsohuwar jarida. Babu zaman makoki, babu tara jama'a. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo wata shuka, kada su kawo shawara.

Ƙa'idar aiki ita ce ba a fitar da sanarwa sai an shaida wa na kusa. Na tura wa Safiyatu saƙo ranar Talata da safe, bayan na goge guda huɗu. Na faɗi komai, har da “tana nan” ɗin nan uku. Ta karanta nan take. Amsarta ta zo ranar Laraba, kuma ba ta ambaci shukar ba. Ta rubuta: “Ina bidon Inna?”

Na je jujin da masu amalanke ke zubar da shara sau biyu. Na sami mutumin da ya kwashe ranar Asabar ɗin, ya ce bido rawaya nawa yake gani a wuni. Saboda haka ana cigiya: rabin bidon mai, rawaya, huda tara a gindi, zane uku na jan fenti a gefe. Mai yiwuwa wani na zuba wa kaji dusa a ciki. Wanda ya gani ya kawo gidan Gado, Zariya, kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a.

Har zuwa lokacin da aka rufe wannan sanarwa ba a ga bidon ba, kuma ban amsa wa Safiyatu ba.