Rasuwar Faifan Ambireyaj na Motar Hamani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya kuma a kan hadarin gabas, Hamani Baƙo, direba a tashar Filinge, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar faifan ambireyaj, wato kuloci, na motarsa kat-kat mai shiga rairayi. Faifan ya cika ne ranar kasuwa da hantsi, bayan jinyar da mai shi ya daɗe yana musun akwai ta. Ya tafi a mugun lokaci, domin buhunan irin hatsi na ƙauye guda suna jibge a bayan motar, kuma a can wajen Sanam mutanen da yunwar bara ta sa suka cinye nasu irin suna jira, har da Inna Haske, mahaifiyar Hamani.

Marigayin ba mai son a gan shi ba ne. Rayuwarsa kaf a duhu ya yi ta, matse tsakanin inji da akwatin bitesi, wato giya, yana karɓar ƙarfin wannan yana miƙa wa wancan har ya kai ga tayoyi. Sau nawa ya fid da motar daga rairayi, awaki a sama, mata da ƙoran nono a ciki? In an tashi godiya sai a gode wa inji, tunda shi ke da baki. Faifai bai taɓa cewa uffan ba, in ban da ɗan “ƙyas” da yake yi da safe kafin jiki ya ɗumama.

Ciwon ya fara nunawa ne a hawan Damana. Hamani ya taka mai, inji ya yi “wuuu” kamar za a tashi sama, mota kuwa tana tafiyar tsohuwa mai komowa daga rijiya. Sai wani ƙauri ya biyo baya, irin na babbakar kan rago. Hamani ya zargi man kwalba na bakin hanya. Ya zargi matatar iska, ya zargi wani fasinja mai tumbi har suka ɓata. Abu ɗaya ne bai zarga ba, wato ƙafarsa ta hagu. A gidan masu dawakai ya tashi, kuma ƙafar da ta saba da likkafa ba ta iya zama haka nan. Ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya tana ɗore a kan fedar ambireyaj, tana ɗan dannawa, faifai yana ta gogawa a ciki yana cinye kansa.

Ibrah makaniki ne ya tabbatar da rasuwar. Ya ja birkin hannu a gindin gawon garejinsa, ya sa babbar bitesi, ya saki feda sannu a hankali. Da faifai na da rai, nan take zai kama, inji ya shaƙe ya mutu. Injin kuwa ya ci gaba da rurinsa, mota ko motsi. Ibrah ya cire hula ya ce, “Hamani, wanga faifai ya riga mu. Kuma ba rairayi yac cinye shi ba, ƙafakka ta. Mota ba doki ba ta.” Hamani ya ce, “Mi ƙafata tay yi? Aje ta kawai nikai.” Har yau bai yarda ba, ko da aka sauke akwatin bitesi aka nuna masa gawar, ta yi sumul kamar gindin kwanon sha, ƙusoshi duk a waje.

Marigayin ya bar inji, wanda yanzu ba shi da mai kai masa saƙo. Ya bar tayoyi huɗu, da ta biyar a rataye da ba ta san abin da ake ciki ba. Ya bar Hamani, wanda aka shimfiɗa wa tabarmar karɓar gaisuwa ya kasa zama a kanta. Ya ruga tasha ya tambaya ko sabon faifai ya iso daga Yamai, a ce masa sai gobe, ya komo ya leƙa ƙarƙashin mota, ya fito ya duba sama. Tsoro ne ke cin sa, ba wani abu ba: rairayin ƙasarsu ta Kurfai ba ya riƙe laima, wanda ruwan fari ya same shi ba iri a hannu ya yi ta kallon gonar wasu. Jiya Inna Haske ta kira ta ce shamuwa ta sauka a kan kukarsu. Wannan ne ma ya fi hana shi sakat.

Za a rataye gawar a bangon garejin Ibrah bayan la'asar, kusa da 'yan uwanta da wasu masu nauyin ƙafa suka aika. Ba za a yi zaman makoki ba, iska ta riga ta juya. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da goro ko dabino. Duk mai amalanke ya ɗauro jakinsa ya zo da igiya, a ɗora masa buhu, Hamani zai shige gaba a ƙasa ya nuna hanya.