Firijin Goggo da Lissafina

Shekarar da na gama karatun injiniya, wata la'asar hadari ya haɗo a Ƙofar Doka. Goggona ta miƙe za ta zare wayar firijin zoɓonta.

"Bar shi, Goggo," na ce, biro a kunne. "Gidanmu ne ƙarshen layin lantarki. Ko aradu ta faɗa wa waya, wutar tana isowa nan za ta juya ta koma. Na lissafa."

Aradu kuwa ta faɗa, wutar ta iso, ta koma. Na dai manta cewa a wurin juyawar ƙarfinta ninkuwa yake yi. Firiji ya yi ƙara ɗaya, ya hau hayaƙi.

Yau shekara ashirin, amma ko yaushe aka ɗauke wuta sai Goggo ta leƙo: "Injiniya, wannan ma komawa ta yi?"