Kazar Inna Hari da Akwatina

Ba zan taɓa mantawa da kazar Inna Hari ba, ko da na manta fuskokin duk manyan da suka zo Kiru ran nan.

Zamanin mulkin soja ne, ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Shekara biyu na yi ina fama da wani akwatin katako mai ƙyanƙyashe ƙwai da zafin fitilar kananzir. Ƙwan da na dafa bisa kuskure kafin in gano kan abin, Allah kaɗai ya san yawansa (maigidana har ya daina tambayar me za a karya da shi). A ƙarshe dai akwatin ya yi aiki.

Sai aka ce gwamnati za ta tallafa wa mata masu ƙirƙira. Wadda ta burge za a ba ta katako da fitilu da kafinta, ta ƙera akwati ashirin. Wata babbar Hajiya ce za ta zo daga Kano ta zaɓa. Na lissafa kwana ashirin da ɗaya kafin ranar, na zuba ƙwai talatin. Ranar ta zo, 'yan tsaki ashirin da shida suka fito. Hajiya ce ba ta fito ba. Wai an ɗaga ziyarar da mako biyu.

Ana gobe taron, jami'in ƙaramar hukuma ya kalli 'yan tsakina da suka fara fiffike, ya taɓe baki. "Malama, waɗannan ai sun zama kaji. Hajiya sababbi take son gani in an buɗe. Ki san yadda za ki yi."

Ni da nake zane ɗalibai kan satar amsa, na kuwa san yadda zan yi. Inna Hari mai nono, da gidanta ke bayan filin taron, kazarta ta ƙyanƙyashe a ranar. Na je aron 'ya'yan.

"'Yar nan, uwarsu fa?"

"A kife ta da kwando, Inna. Awa ɗaya ce."

Washegari na zuba su a akwatin, amma sai bayan la'asar Hajiya ta iso. Ta tsaya gaban teburina, ɗalibaina na jere a gefe suna tafi. Na ɗaga murfi, 'yan tsaki masu jin yunwa suka ɓarke da kuka.

"Masha Allah! Yau suka fito?"

"Yanzun nan, ranki ya daɗe."

Ban rufe baki ba na hango kazar. Ta ratso ƙafafun 'yan sanda, gashi a tashe, ta dira kan tebur, ta kai wa hannun Hajiya sara. 'Yan tsakin suka yi tsalle suka shige ƙarƙashin fiffikenta, ba wanda ya rage. Ga Inna Hari a baya, kwando a hannu, tana haki: "Ku yi haƙuri, bayin Allah, Malama ce ta ce awa ɗaya!"

Wata mata ta ɗaga murya: "To, ga injin na gaske ya iso!"

Filin ya fashe da dariya. Ɗalibaina ne kawai ba su yi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Tallafin ya tafi wurin matar wani babba, da ta jera sabulun da kowa ya san a Kano aka saro shi. Ba ta fi ni gaskiya ba, sabulu ne ba shi da uwar da za ta biyo shi. Na koma gida na tarar da kajina ashirin da shida suna kiwo, na halak, ba wanda ya taɓa zuwa ganinsu.

Tun daga ranar, duk jami'in da ya ce mini "ki san yadda za ki yi", sai in ce masa ban sani ba.