Tseren Mota da Albasar Malam Buba

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar na yammacin wata Alhamis ba. Na san lokacin daidai domin ni na rubuta shi a littafin taro da hannuna. Waɗanda suke wurin su ne Liman, da mataimakin shugaban ƙungiyarmu, da manoman rani talatin da ɗaya a kan tabarmi ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban masallaci. Malam Buba yana cikinsu, ya zauna can gefe yana kallon ƙasa. Sai ni, sakatare, da kwamfuta a gabana, da wata 'yar na'ura da ta kusa raba ni da mutuncina.

Amma bari in fara daga farko, don ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Ƙungiyarmu ta manoman rani ce, muna shan ruwan kanal da ke zuwa daga dam ɗin Goronyo. Aikina a cikinta uku ne. Na ɗaya, rubuta abin da aka faɗa a taro. Na biyu, tsara ranar da kowane layi zai sha ruwa. Na uku, riƙe makullin kwaɗon ƙofar ruwa, in buɗe a kan lokaci, in rufe a kan lokaci. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da tsari, kuma saboda tsarin nan aka ba ni makulli shekara shida ba a karɓa ba. Ni na rubuta dokokin ƙungiya goma sha biyu. An san ni da ɗaure fuska. Na taɓa tsayar da taro na yi wa wani magidanci faɗa a kan yana danna wasa a waya ana magana (ku riƙe wannan, zai dawo).

Kwamfutar ƙungiya tsohuwa ce, lasifikarta ta mutu, ramin da ake cusa abin kunne kuma ya karye. Wata ranar kasuwa na kai ta Achida wurin Nasiru mai gyaran waya. Ya duba ya ce gyaran ciki ɓata lokaci ne, ya ɗauko mini wani ɗan akwati mai faɗin tafin hannu, wanda ake haɗawa da kwamfuta ta waya. Su suna ce masa sawun-kad, ni kuwa akwatin sauti nake ce masa. Yana da ramin makirufo, da na abin kunne, da na lasifika, da maɓallai jere masu fitila. Nasiru ya ce amfaninsa shi ne duk abin da ya ji, ko daga bakinka ko daga cikin kwamfuta, yana haɗawa wuri ɗaya ya fito tas. Ya kuma gargaɗe ni kada in riƙa fizge waya yana kunne. Na sa ya faɗa mini yadda ake aiki da shi daki-daki, na rubuta a takarda, mataki takwas.

Don ya gwada mini sautin, sai ya saka wani wasan tseren mota a kwamfutar, ya ɗora mini abin kunne. Jama'a, na ji ƙarar inji ta taso daga kunnen hagu ta wuce ta dama kamar tirela ta bi ta cikin kaina. Na cire na ce masa wannan shirme ne, ya goge. Ya ce to. Bai goge ba, ni kuma ban tuna masa ba.

A cikin mako uku na san kowace kwana a titin wasan nan. Ina da ɗaki a waje, jikin zaure, inda nake ajiye takardun ƙungiya. Nan nake shiga in sa sakata, in ce ina aikin jadawali. Daga baya na gano ana iya kunna kiɗan kalangu a ƙarƙashin tseren, su tafi tare. Ni da nake cewa labarai da karatu kawai nake saurare.

Ranar Talatar wannan makon shugabanmu, Alhaji Garba, zai tafi Sakkwato a duba masa ido, ba zai samu taron Alhamis ba. Ya zo ɗakina da ƙarfe tara da rabi don in naɗi jawabinsa a kunna wa jama'a. Na bi takardata: na haɗa akwati, na cusa makirufo, na buɗe wurin naɗi, na danna ja. Ya yi maganarsa ta minti shida a kan haƙuri da rabon ruwa. Yana gamawa ya miƙe, ya ce mai babur na jiransa. To, dattijo ba ya tashi daga ɗakinka ka tsaya danne-danne. Na ɗauki sandarsa na miƙa masa, na raka shi har bakin hanya. Mataki na bakwai a takardata shi ne tsayar da naɗi. Rakiya ta cinye shi.

Na dawo saura minti goma ƙarfe goma. Ƙarfe goma daidai zan buɗe wa layin ƙarshe ruwa, layin su Malam Buba, wanda ya dasa albasarsa jiya-jiya. Duk manomi ya san sabon dashe ba ya jira. Na dubi agogo na ce tsere ɗaya minti huɗu ne, akwai lokaci. Na sa sakata, na ɗora abin kunne, na kunna kalangu.

Da na sake duban agogo, sha biyu saura kwata.

Ban san yadda na isa bakin ƙofar ruwa ba. Rana ta take, Malam Buba yana tsugune a kan kunyar fangalinsa, dashen ya kwanta kamar an zuba masa ruwan zafi. Mutum ne marar hayaniya, ya girme ni da kusan shekara goma. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Sakatare, na zaka gidanka tun kafin ƙarfe goma, na yi sallama har sau ukku, ba ka amsa ba."

A nan ne na yi abin da ya fi wasan muni. Na ɗaure fuska na ce ba na nan, na raka shugaba tasha, mota ta ƙi cika. Ban tsaya nan ba, har na ƙara masa da nasiha cewa aikin jama'a sai da haƙuri. Ya dube ni, ya ce Allah shi ba mu haƙurin.

Daga wannan Talata zuwa Alhamis ban ji daɗin tuwo ba. Duk wanda ya gaishe ni sai in ga kamar ya sani. Ina ta lissafin ta inda maganar za ta fito. Mai babur ɗin da ya ɗauki Alhaji, ya tafi Rabah biki, sai Asabar. Alhaji da kansa, yana Sakkwato da bandeji a ido. Iyalina, suna cikin gida, ba su san shigata ba balle fitata. Na bi kowace kafa na toshe a zuciyata. Kwamfutar ce kaɗai ban yi zarginta ba, don ko buɗe ta ban ƙara yi ba saboda kunya.

Ga mu a ranar Alhamis. Na haɗa akwatin sauti da amfilifayar da muke aro, aka rataye lasifika a reshen darbejiya, irin mai bakin ƙaho da ake ji har bayan gari. Na bi matakai ɗaya bayan ɗaya. Muryar Alhaji Garba ta fito tas, har da tarinsa. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Wani ya ce kai, kamar shina nan zaune. Na ji daɗi kaɗan, karo na farko a kwana biyu. Jawabi ya ƙare da addu'a, aka shafa, lasifika ta yi shiru. Na ɗauka shi ke nan. Shirun nan kuwa rakiyata ce take tafiya.

Aka shiga tattaunawa. Ana cikin haka sai ga Baba Ɗangaladima, dattijon da ya fi kowa shekaru a ƙungiyar, an kawo shi a makare. Na tashi na tare shi, na durƙusa. Baba yana da nauyin ji, kuma in ya riƙe hannunka sai ya tambayi gidanku kaf. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafar mahaifiyata. Yana kan tambayar shanun ƙanena na ji wani sauti daga saman bishiya: ƙarar sakata. Na san sakatar ɗakina ko a cikin barci.

Sai kalangu ya tashi. Sai inji ya yi gurnani.

Kowa ya ɗaga kai sama. Liman ya ce, "Wanga kuma mi na?" Kafin wani ya amsa, murya ta fito, muryar da ta karanta musu dokoki goma sha biyu shekara shida, tana cewa, "Bismillahi. Yau sai na ga bayanka, jar mota. Kauce mani! Kauce, ɗan banza!"

Na ja hannuna, Baba ya ƙara damƙewa. Shi bai ji komai ba, yana tambayata ko an yi wa jaririn maƙwabcinmu suna. Na ce an yi, Baba, an yi. A sama kuwa ina bin kalangu da baki, ina wani irin gunji da ban san ina yi ba in na sha kwana. Magidancin nan da na taɓa yi wa faɗa a kan wasa ya cusa fuskarsa cikin hula, kafaɗunsa na rawa.

Da ƙyar na zame na ruga wurin kwamfuta. Mai hankali zai fizge waya ne kawai. Ni kuwa Nasiru ya ce kada a fizge, kuma ni mutum ne mai bin tsari, sai na tsaya laluben takardata a aljihu don in kashe daga mataki na takwas in dawo baya. Ina lalube sai wata murya ta biyu ta shigo, can nesa, a bayan ƙofa.

"Salamu alaikum. Sakatare?"

Dariyar da ta fara tashi ta mutu nan take. Malam Buba ya ɗago kai a hankali. Na miƙa hannu zan danna, ya ce, "Bar shi, Sakatare. Bari mu ji ko za ka amsa."

Muka saurara, mu talatin da wani abu. Sallama ta biyu ta zo, da ɗan ƙwanƙwasa ƙofa. Amsata ita ce, "Taka mai! Taka!" Sallama ta uku ta zo a sanyaye. Sannan muka ji yana cewa shi kaɗai, "To, ko ba shi nan. Allah shi kyauta." Da ƙarar takalminsa yana tafiya. Ya yi uku ɗinsa ya juya kamar yadda aka koya mana, bai tura ƙofar wani ba.

Na kai yatsa na danna maɓallin da ya fi kusa. Ashe cikin maɓallan nan masu fitila akwai na tafi. Lasifika ta ɓarke da tafi da sowa kamar an ci ƙwallo. Mataimakin shugaba ne ya miƙa ƙafa ya zare wayar amfilifaya, ba tare da wani mataki ba.

 Ina tsaye, makulli na rataye a wuyana kamar dutse. Malam Buba ya gyara zama ya ce yana da tambaya ɗaya.

"Ka dai ci tseren?"

Da na iya yin wata ƙaryar, amma na ga inda ta farko ta kai ni. Na ce na zo na bakwai. Ya tambaya cikin nawa. Na ce cikin takwas.

"Ashe fangali goma sha ɗaya na ba da don na bakwai," in ji shi. "Da ka zo na ɗaya ma, da na ce albasata ta yi wani amfani."

A nan kowa ya sake. Har Liman sai da ya kare baki da hannun riga. Baba Ɗangaladima yana ta tambaya mi anka ce, mi anka ce, aka rasa mai iya yi masa bayani.

Da aka natsu, Liman ya ce wasan tsakanina ne da lokacina, amma ƙaryar da ruwan, haƙƙin mutum ne. Ya ce a duba abin da doka ta tanada. Wa ke karanta doka? Ni. Na buɗe littafi na karanta ta huɗu, wadda na rubuta da kaina har na ja mata layi biyu: duk wanda ya jinkirta wa wani ruwa ba da uzuri ba, zai ba shi zagayensa, kuma ya mayar masa da abin da ya lalace. Na nemi gafarar Malam Buba a gaban kowa, ya ce ya yafe. Na ba shi ruwana na zagaye biyu. Ranar Asabar na ciro iri daga wurin renona, na durƙusa a gonarsa muka sake dashe tun daga hantsi har azahar, yana bayana yana cewa in taka mai.

Littafi dai an bar mini, don sun ce ba wanda ya kai ni rubutu. Makulli kuwa a wurin aka cire shi daga wuyana aka rataya wa Malam Buba, kuma har yau bai taɓa makara ba. Abin da ya faru na rubuta shi a littafin taro yadda ya faru, har da na bakwai cikin takwas, domin aikina ne. Akwatin sauti yana nan, da shi muke taro. Na goge wasan sau biyu (kada ku tambaye ni yadda aka yi ya kai biyu).

Abin da na koya ba shi da yawa. Na ɗauka tsari yana cikin takarda ne, ashe takarda ba ta bin mutum rakiya. Kuma na toshe bakin duk wani mai rai, na manta da abin da ba ya jin kunyar kowa.

Saboda haka ina roƙon mai karatu abu uku, a jere. In ka sayi irin wannan akwati, ka tsayar da naɗi kafin ka raka baƙo, ko da sarkin garinku ne. In za ka sa abin kunne, ka bar kunne ɗaya a buɗe don mai sallama. Na uku kuma, in Allah ya kawo ka gefenmu ka tambayi gidan sakatare, yara suka ce maka gidan Direba kake nufi, ka bi su kawai, amma don Allah in ka iso ka kira ni da sunana.