Rasuwar Goggo, Bindigar Korar Tsuntsu ta Fadamar Gulma

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Labbo manomin shinkafa na Gulma yana sanar da 'yan uwa da abokan noma, da duk wanda ya taɓa cin tuwon fadamarsa, cewa Goggo ta rasu. Ga wanda bai san ta ba, Goggo bindigar toka ce mai dogon baki da ƙota ta itacen maɗaci. Ta cika ranar Talata da hantsi a bakin gona, a hannun da ba na mai ita ba, bayan gajeruwar jinyar da 'yan adam suka ɗora mata.

An haifi marigayiya a maƙerar Hodi da ke Argungu, tun Labbo yana saurayi. Ranar da maƙerin ya miƙa ta, ya gaya masa cewa ƙarfenta siriri ne, abincinta albarushi kaɗan da 'yar tsakuwa, aikinta kuma sama. Labbo ya riƙe wannan magana har furfura ta cika masa gemu. Sunan kuwa matarsa Ma'u ce ta raɗa mata, domin muryarta irin ta goggon da ta shigo gida ta tarar da ɓarna ce. Takan fara da gyaran murya, "ƙyas", ta ɗan yi shiru kamar mai tuna laifinka, sannan ta sake ta gaba ɗaya, "tuuum", har masunta su ɗago kai a kan gulbi.

Duk shekara idan shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sukan zo kamar hadari, su rufe rana, su sauka a kan wahalar mutane. A nan ne aka san Goggo. Magana ɗaya take yi, garken ya tashi ya koma wata ƙasa. Ba gonar Labbo kaɗai take tsaro ba, har ta maƙwabta na dama da hagu, kuma ba ta taɓa tambayar inda iyaka ta tsaya ba. Wani lokaci takan sauko da dinya ko kirinjijiya, a yi miya a gida. Ba ta da ci. Ba ta taɓa ƙin tashi don sanyi ba, sai dai in ruwa ya jiƙa ta, shi ma kwana ɗaya kusa da murhu ya ishe ta. Tana da halinta, gaskiya ne: takan daki kafaɗa, kuma tabon yana nan a jikin Labbo. Amma a duk tsawon zamansu ba ta taɓa duban ɗan adam ba, ko dabbar wani, ko wani abu mai tafiya a doron ƙasa.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne bayan da aka ba mu sabuwar jiha. Mutane suka yi murna, Labbo ma ya yi, har ya ɗaga Goggo sama ta yi guɗa. Ba a jima ba sai motoci suka fara zuwa fadama daga Birnin Kebbi, da masu manyan riguna suna nuna wuri da yatsa. Daga baya aka ce rabin gonar Labbo, wanda yake kusa da ruwa, ya zama na wani babban mutum da ba a taɓa ganin ƙafarsa a cikin laka ba. Aka ce tarakta tana zuwa ta baje kunyoyi, da shinkafar da ke kansu.

A nan ne Yari ya shigo maganar. Yari ƙanen Labbo ne, tsohon soja, wanda ya yi aiki a sansanin jiragen yaƙi, ya dawo gida da takalma masu nauyi da labarai masu yawa. Ya zauna a zaure yana juya Goggo a hannunsa, yana leƙa bakinta. Ya ce a can inda ya yi aiki akwai tsofaffin makamai masu linzami da aka ƙera don jirgi ya kakkaɓo jirgi ɗan uwansa. Da suka tsufa, kuma aka rasa jirgin da za a harba, sai gwanaye suka kwance su, suka sake musu kai, aka riƙa sako su a kan motoci da ramukan abokan gaba.

"Yaya Labbo, ƙarhe ƙarhe na," in ji shi. "Abin da ka kai sama, in an gyara shi, ƙasa ta hi mishi sauƙi. A ƙara mata albarushi, a ɗura mata ƙusa da boris ɗin keke, ta huda injin taraktag ga awa ƙwarya."

Labbo ya karɓe ta daga hannunsa ya rataye. Ya ce, "Yari, tsohuwag ga tsuntsu tas sani. Ka bar min ita."

Amma akwai wanda ya saurari Yari da kunne biyu, shi ne Zayyanu, babban ɗan Labbo, magidanci mai jefa birgin kamun kifi a gulbi, wanda da hannunsa ya dasa shinkafar da za a baje. Labbo ya ga yadda idon ɗansa ya canja, ya yi masa faɗa, ya ɗauka faɗan ya shiga.

Ranar Talatar, Labbo ya yi sammako zuwa Birnin Kebbi da kukansa, ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya zauna a benci a ƙofar wani ofis, ana ce masa mai ofishin yana tafe. Yana nan zaune, hularsa a gwiwa, tarakta ta shiga fadama. Yana nan zaune aka sauko da Goggo daga bango. Ma'u ta tare ƙofa tana cewa, "Zayyanu, ka ji tsoron Allah, ka jira Malam!" Shi da Yari suka raɓa ta suka wuce. Aka ɗura wa tsohuwa albarushin da bai taɓa shiga cikinta ba, aka bi shi da ƙusoshi da boris ɗin keke da guntun ƙarfen tukunya, aka danna da sanda har ta daina karɓa. Zayyanu ya durƙusa a bayan kunya, ya saukar da bakinta ƙasa, ya saita injin. Yari kuwa ya koma can bayan wata kanya ya tsaya, kamar yadda aka koya masa a soja.

Waɗanda suke wurin sun ce ta yi gyaran muryarta kamar kullum, "ƙyas". Sun ce shirun da ya biyo baya ya fi na kullum tsawo. Abin da ya fito bayansa ba muryarta ba ce, "ɓaras" ne, irin ƙarar tulun da ya faɗi a kan dutse. Cikinta ya tsage tun daga kunama har rabin baki. Ba ta bar wa Zayyanu komai a hannun dama ba sai babban yatsa.

Tarakta ko ƙwarzane ba ta yi ba. Direban ya ɗauka tayarsa ce ta fashe, ya sauko yana duba ta, sai ya hangi mutum yana birgima a cikin laka. Shi ne ya yage rigarsa ya ɗaure hannun, kuma a kan taraktar aka ɗauki Zayyanu zuwa bakin hanya. Washegari ta dawo ta ƙarasa aikinta. Labbo kuwa bai ji labari ba sai da la'asar ɗin Talatar, yana saukowa daga mota a Argungu, bai ga mai ofishin ba.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, wanda har yanzu in ya ji kukan jan-baki hannunsa yakan kai bango ya dawo wayam. Ta bar ƙahon albarushi da sandar ɗuri, marayu, suna rataye a ƙusa guda. Ta bar Ma'u, wadda ba ta sake yi wa mijinta maganar ranar ba, kuma ya fi son da ta yi. Ta bar Nazifa matar Zayyanu da goyo a baya, tana koyon ba babban mutum abinci a baki. Ta bar rabin gona da shinkafa mai cika ido, da tsuntsayen da suka riga suka ji labari, domin tun ranar Laraba suke sauka ba tare da sun yi shawagi ba. Ta kuma bar Yari, wanda ya tsaya a kan cewa dabarar daidai ce, ƙarfen ne ba shi da kyau.

Labbo yana so a sani cewa bai riƙe Goggo da komai ba. An tambaye ta abin da ba a halicce ta dominsa ba, ta ba da amsar da take da ita.

Game da jana'iza, iyali suna ba da haƙuri cewa ba za a samu gawar duka ba. Hukuma ta ɗauke ƙarfen, ta ce shaida ce, kuma za a neme shi tare da Zayyanu idan an sallamo shi. Ƙotar ce kawai ta rage, Ma'u ta tsinto ta a cikin laka ta wanke. Za a binne ta ranar Alhamis bayan la'asar a gefen gonar da ta saura, daga ɓangaren da ba a karɓe ba tukuna. Ba a bukatar kuka, ba a bukatar jawabi. Duk mai zuwa ya taho da tsohon gwangwani da igiya da 'yan duwatsu, domin daga maƙabarta za a wuce ɗaurin abin kora, kuma mai murya ya zo da muryarsa. An roƙi Yari ya yi tasa addu'ar daga gida.

Za a karɓi gaisuwa a zauren Labbo har zuwa Asabar. Masu son duba Zayyanu za su same shi a asibiti a Birnin Kebbi, ɗakin maza, gadon da ke jikin taga. Ana roƙonsu su yi sallama da baki kawai, kada kowa ya manta ya miƙa masa hannu.